Wa Ke Raba wa Garuruwa Sana'a?

Duk motar da ke yawo a titunan Maraɗi baƙuwa ce. Tsohuwar Hiace da ke jigilar mutane zuwa Tsibiri, da akori-kurar da ke kwaso zogale da tumatir daga lambunan Jiratawa, da babbar motar da ke tsaye a Ɗan Isa tana jiran takardun duwan, babu ko ɗaya da aka ƙera a ƙasar Nijar, kuma da yawansu sun cinye ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin a sauke su a Kwatano ko Lome. In aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce rabo: Allah ya ba wasu ƙira, ya ba mu noma da kiwo da fatauci, kowa da inda aka ajiye masa abincinsa. A kunne maganar tana kama da ladabi ga Ubangiji, amma in aka bi ta a hankali za a ga tana wanke mutanen da bai kamata a wanke ba. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai aiki alhakin aikinsa ba, da yana ɗaukewa da ba a naɗa alƙali ba. Wurin da ake kafa masana'antar mota shawara ce da wasu mutane ke yankewa bayan sun karanta takardun da wasu mutanen suka sa wa hannu, kuma duk abin da hannun ɗan Adam ya rubuta ana iya tambayarsa ko adalci ne ko zalunci.

Lissafin mai ƙera mota ba ɓoyayye ba ne. Mota guda tana ɗauke da sassa wajen 30,000 in aka ƙirga har da ƙananan kusoshi, kuma injunan da ke buga jikinta suna da tsadar da ba a mayar da ita sai ana fitar da motoci dubu ɗari ko fiye a kowace shekara. Saboda haka tambayar farko da kamfani ke yi wa kowane gari ita ce, motar da na haɗa a nan, mutum nawa zan iya kai wa ba tare da an tare ni da haraji a kan iyaka ba? Amsar tana cikin yarjejeniyar ciniki, musamman sashen da ke fayyace asalin kaya, wato kashi nawa na darajar mota dole a yi shi a cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar kafin a kira ta 'yar gida. Yarjejeniyar NAFTA da ta fara aiki a 1994 tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta kai wannan kaso zuwa 62.5 cikin 100, sai kamfanonin Japan da Jamus da Koriya suka yi ta zuba masana'antu a Meziko, inda lada ke da sauƙi ga kuma kasuwar Amurka a buɗe: Audi a jihar Puebla, Kia a Nuevo León, BMW a San Luis Potosí. Da Amurka ta ga aikin yana gudu daga hannun ma'aikatanta, sai ta matsa aka sake rubutun. Sabuwar yarjejeniyar da ta fara aiki a Yuli 2020 ta ɗaga kason zuwa 75, ta kuma ce kashi 40 na ƙaramar mota dole ya fito daga inda ake biyan ma'aikaci aƙalla dalar Amurka 16 a awa. Ƙasar Meziko ba ta gusa ba, ma'aikatanta ba su manta aiki ba, layi biyu kawai aka sauya a takarda, lissafin kamfanoni ya sauya. Moroko ma haka. Yarjejeniyarta da Tarayyar Turai ta fara aiki a 2000, aka bi shekara 12 ana sauke harajin kayan masana'antu, a 2012 kuma Renault ya buɗe katafariyar masana'antarsa kusa da tashar jiragen ruwa ta Tanja, ta Peugeot ta biyo baya a Kenitra a 2019. Motar da ake haɗawa a can mutumin Faransa da na Sifen ake yi wa ita tun farko.

Mutumin Maraɗi bai kamata ya yi mamakin ƙarfin takarda ba, domin ita ta yanka masa ƙasarsa. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Ingila da Faransa ne suka bar Maraɗi da Tsibiri a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila, kuma ba a nemi ra'ayin Sarkin Katsinan Maraɗi ko Sarkin Gobir ba. Gyaɗar wannan yanki ta daɗe tana bin dogon Kano zuwa Legas, don ita ce hanyar da ta fi kusa, har sai da Faransa ta ƙirƙiro shirin Hirondelle a shekarun 1950 ta zuba tallafi don buhunan su juya ta Gaya da Paraku zuwa Kwatano. Da aka zo kan mota, abin ya fi haka ban mamaki. Najeriya ta ɗaga harajin motar waje ta kira kamfanoni su zo su haɗa a gida, Peugeot ya fara fitar da motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat na manyan motoci a Kano. An kai lokacin da jiragen saman dakon kaya ke kwaso sassan 504 daga Liyon suna saukewa a filin jirgin Kano, daga nan a ɗora su a mota zuwa Kaduna. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai ɗauko ƙarfe a jirgin sama don raɗin kansa. Katangar haraji da kuɗin man fetur ne suka sa abin ya zama riba, kuma da kuɗin man ya karye, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, sassan da ake saye da kuɗin waje suka fi ƙarfin mai saye. Gurbin da Kaduna ta bari, 'yar Kwatano ce ta cike shi.

A nan tambayar addini take shigowa, domin akwai masu cewa katangar kanta haramun ce. Hujjarsu ba ƙarama ba ce. Hadisai sun yi kakkausan gargaɗi ga mai karɓar maksu, wato kuɗin da ake tare ɗan kasuwa a hanya ko a kasuwa a karɓe masa ba da haƙƙi ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe cikin laifuffukan da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ. Sai dai littattafan da suka la'anci maksu su ne suka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa ushira a kan fataken da ke shigowa daga ƙasashen da ba na Musulmi ba, gwargwadon yadda su ma suke karɓa daga fataken Musulmi. Abin da ya fi wannan jan hankali yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malaman Maraɗi suka sani ciki da bai: Umar ya riƙa karɓar rabin ushira kawai a kan alkama da man zaitun da fataken Nabaɗawa ke kawowa, don a ƙara kawo su Madina, alhali yana karɓar cikakkiyar ushira a kan dangin wake. Ke nan halifa na biyu ya yi amfani da harajin fito don ya juya akalar kaya zuwa inda jama'arsa ke da buƙata. Abin da ke raba ushirar Umar da maksun azzalumi shi ne inda amfanin ke komawa. Malamai irin su Shaɗibi, wanda shi ma Bamalike ne, sun halatta wa shugaba adali ya ɗora wa jama'a wani abu bayan zakka in buƙata ta tabbata kuma baitulmali ya gaza, da sharaɗin a tsaya a gwargwadon buƙatar, a kashe shi a kanta.

To, shin samun sana'ar ƙira buƙata ce da ta kai a ɗora wa mutane nauyi dominta? Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya sa tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, har da ɗinki da ƙaho, cikin faralu kifaya, wato abin da in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari duka gari ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai maganar kan mai mulki a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina. Zuriyar Ɗan Kasawa, wato sarakunan Katsina da jihadi ya koro zuwa Maraɗi, ba ta da dalilin jin daɗin wannan suna, amma shawarar ta fi ƙarfin tsohuwar gaba: ya ce wajibin sarki ne ya kula da masu sana'a, maƙera da marina da masassaƙa, ya tabbatar kowane gari yana da nasa. A zamanin da jaki da raƙumi ne abin hawa, maƙeri da baduku sun wadatar. A zamanin da mai naƙuda ke buƙatar mota ta kai ta asibiti, gero ke buƙatar mota ya isa kasuwa, famfon ban ruwa ke buƙatar mai gyara, al'ummar da ba ta iya ƙera komai daga cikin wannan ta bar farilla. In haka ne, harajin da aka sa don a raini wannan sana'a yana iya halatta, amma halaccinsa na bashi ne. Gwamnatin da ta sa talaka ya sayi mota da tsada ta karɓi kuɗinsa ne da alkawarin za ta mayar masa da shi a matsayin aiki ga ɗansa da ilimi ga ƙasarsa, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da wannan ma'auni za a iya auna abin da Najeriya ta yi a 2013, lokacin da ta fito da sabon tsarin masana'antar motoci: harajin fito kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, da sassauci mai yawa ga wanda ya shigo da sassa ya haɗa a gida. An raba lasisi gommai. Da yawan masu lasisin abin da suke yi bai wuce ɗaura tayoyi da kujeru da fitilu a jikin motar da aka riga aka gama a wata ƙasa aka ɗan kwance ta don ta shiga da rangwame ba. Wutar lantarki ba ta tsaya ba, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta bai tashi ba, bashin sayen sabuwar mota da aka yi alkawari bai kai ga talaka ba, tsarin kansa bai zama doka tabbatacciya da mai zuba jari zai dogara da ita ba. Daga ƙarshe dokar kuɗi ta 2020 ta sauke ƙarin harajin zuwa kashi 5. An karɓi lada shekara bakwai, askin kuwa kaɗan aka yi. Akwai masu ƙoƙari na gaske, kamar Innoson a Nnewi da sabuwar masana'antar Peugeot da Dangote ya shiga a Kaduna, amma yawan abin da suke fitarwa bai kai ko kusa da abin da ƙasar ke shigowa da shi na hannu ba. Harajin da ya tsaya haka, yana cizon mai saye ba ya haifar da sana'a, ya koma maksu ko da sunan kishin ƙasa aka raɗa masa.

Wani zai ce, tunda haka ne, a rushe katangar gaba ɗaya a bar talaka ya sayi 'yar Kwatano da araha. Manomin Jiratawa da ke biyan kuɗin ruwa da na lantarki a gonakin ban ruwan da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980 ba ruwansa da inda aka ƙera akori-kura, abin da ya dame shi zogalensa ya isa kasuwa kafin ya yi yaushi. Wannan magana tana da gaskiya mai yawa, kuma duk wanda ya hana tsohuwar mota alhali bai tanadi madadinta ba ya zalunci wannan manomi. Amma arahar tana da kuɗin da ba a rubuta a rasit. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 suka nufo Afirka, da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba. Hayaƙin da birkin da ya cinye namu ne. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, manomin yana da 'ya'ya, gonar kuma ba ta ƙaruwa. Yankin Maraɗi yana cikin inda jama'a suka fi cunkoso a Nijar, gonakin gado sai ƙara tsagewa suke yi, kuma yaron da bai sami fili ba ko dai ya hau kabu-kabu ko ya tafi ci-rani Kano ko Libiya ko Aljeriya. Sauƙin da uba ya samu a farashin mota ɗansa ne ke biyan sa da rashin aikin yi. Shari'a ta san auna maslaha biyu in sun yi karo, ba ta kuma ce kullum ta yau ce ke rinjayar ta gobe ba.

Maraɗi ba 'yar kallo ba ce a wannan labari, kuma rashin adalci ne a yi kamar ita ce kawai aka cuta. Garin ya yi arziki da katangar maƙwabci. Alhazan birnin, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, sun tashi daga gyaɗa suka koma fiton taba sigari da atamfa zuwa Najeriya, daga baya shinkafa da motoci suka shigo sahu. A da ana sauke mota a Kwatano da takardar cewa Nijar za ta, a koro ta fiye da kilomita 1,000 ta Gaya da Doso da Ƙonni, gwamnatin Nijar ta karɓi nata harajin sake fitarwa, sannan motar ta sulale ta koma kudu inda tun farko aka nufa da ita. Mai kare wannan ciniki zai ce a ɓangaren Nijar komai bisa doka aka yi, kuma ba ɗan kasuwa ne ya gina katangar ba, ba shi ne kuma ya kashe Kaduna ba, rashin wuta da faɗuwar naira da rashin riƙon amana suka kashe ta. Duka wannan haka ne, kuma mafi girman alhakin yana kan waɗanda suka rubuta wa kasuwa ɗaya, mai harshe ɗaya da auratayya ɗaya, dokoki biyu masu karo da juna. Duk da haka ƙa'idar hana cuta da cutarwa ba ta tsayawa a shingen Ɗan Isa. Ma'aikacin Kakuri da aka sallama mai yiwuwa kakansa daga Tasawa ko Madarumfa ya tafi. Sannan ribar fito ta yi wa garin kansa illar da ba a cika faɗa ba: kuɗin da ke juyawa cikin mako biyu ya sa wanda zai jira shekara biyar a masana'anta ya zama kamar wawa. Siconiger mai matsar man gyaɗa da Sonitan mai jimar fata sun durƙushe a garin da ya fi ko'ina a Nijar 'yan kasuwa masu jari. Arzikin da tushensa bambancin dokar wasu ne, alƙalamin wasu ke riƙe da shi, kuma an ga haka ranar 1 ga Janairu 2017, lokacin da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa baki ɗaya.

Ba ana cewa Maraɗi ta gina tata masana'antar mota ba ne. Ibn Haldun ya riga ya faɗi dalili a Muƙaddima: sana'a tana kyautata ne tana yawaita inda masu nemanta suka yawaita, garin da masu saye suka ƙaranta kuwa sana'o'insa guduwa suke yi. Nijar tana da mutane sama da miliyan 25, amma masu iya sayen sabuwar mota a cikinsu ba za su ciyar da masana'anta ko ta wata guda ba. Najeriya ma da mutanenta sama da miliyan 200 ta gwada ita kaɗai sau biyu ba ta kai ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne faralu kifaya na wannan zamani ya fi ƙarfin ƙasa guda, jama'ar da farillar ta hau kanta ita ce duk yankin da ke cin kasuwa ɗaya. In kuwa farillar ta kowa ce, aikin ma dole a raba shi, kuma a nan ne ake gane yarjejeniya mai adalci. Botsuwana ƙasa ce marar teku mai mutane ƙasa da miliyan uku, masana'antar haɗa Hyundai da aka kafa a Gaborone ta rushe a 2000, amma yau dubban ma'aikatanta suna harhaɗa wayoyin lantarkin cikin mota ana kai wa masana'antun Afirka ta Kudu, domin ƙasashen suna cikin tarayyar kwastan guda tun 1910, kuma kuɗin fiton da aka tara ana raba shi da tsarin da ke ba ƙananan ƙasashen kaso mai tsoka. Tarayyar tana da nata rigingimun, amma ta amince da abu guda: wanda ya yarda ya sayi motar maƙwabci da tsada yana bin maƙwabcin wani abu. Wayoyi, batir, rigar kujera, tabarmar ƙasa, bodin tirela, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, duka aikin hannu ne da garin da ke da majema da maɗinka da masu walda zai iya koya.

A Yamai aka ƙaddamar da fara aiki da yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, ZLECAf, ranar 7 ga Yuli 2019, a nan Najeriya da Benin suka sa hannu, kuma shugaban Nijar na lokacin, Issoufou Mahamadou, shi ne Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancinta. An fara ciniki a ƙarƙashinta a Janairu 2021, amma aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan ƙa'idar asalin kaya ta motoci da ta yadi, bayan an gama da kusan duk sauran kaya. Jinkirin ba na banza ba ne. In aka sa kason ƙasa-ƙasa, kowa zai shigo da motar da aka gama a Asiya ya ɗaura mata taya ya kira ta 'yar Afirka. In aka sa shi sama sosai, Afirka ta Kudu da Moroko kaɗai za su iya cikawa, saura su zama masu saye har abada. Abin da ya shafi gari irin Maraɗi shi ne sharaɗin tarawa, wato a lissafa wayar da aka harhaɗa a Nijar cikin kason motar da aka haɗa a Kaduna ko Tema. Da wannan sharaɗi mai masana'anta yana da dalilin neman ɗan ƙaramin maƙwabci, in babu shi ba ya da shi.

Akwai masu ganin duk wannan bincike bai taso ba, tunda ƙasa ta sa hannu da yardarta, kuma farkon Suratul Ma'ida ya umarci muminai da cika alkawura. Cika alkawari wajibi ne, kuma ciniki tsakanin ƙasashe ba ya yiwuwa sai da shi. Ƙuraishawa kansu ba su zama fatake ba sai da Hashim da 'yan'uwansa suka ƙulla amana da sarakunan Sham da Habasha da Yaman, tafiye-tafiyen hunturu da bazara da Alƙur'ani ya ambata cikin ni'imomin da aka yi musu. Amma fiƙihu bai taɓa ɗaukar yarda ita kaɗai a matsayin hujjar adalci ba. An hana tarar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, ko da sun yarda, domin yardar wanda bai sani ba tauyayya ce. Malamai sun yi dogon bayani a kan cinikin wanda lalura ta tilasta. Ƙasar da ta je teburin tattaunawa da wakilai uku ta tarar da ɗari, ko ta sa hannu don kada a yanke mata tallafi, ta yarda, amma irin yardar mai ayari. Akwai kuma abin da ake kira yarjejeniya alhali kyauta ce da mai ita ke iya janyewa. Dokar AGOA ta Amurka ta 2000 ta sa BMW da Mercedes sun riƙa aika motocin da suka haɗa a Afirka ta Kudu zuwa Amurka ba haraji, sai ga shi a Afrilu 2025 Amurka ta ɗora kashi 25 a kan motocin waje, ma'aikatan haɗa mota na garin East London a Afirka ta Kudu suka kwana da fargaba. Nijar kuwa tun Janairu 2024 aka cire ta daga tsarin. Sana'ar da aka gina a kan alfarmar wani tana tsaye ne muddin mai alfarmar bai sauya fuska ba.

Wannan ne ya sa hujjar masu cewa gara kowa ya tsaya da ƙafarsa take da karɓuwa a Nijar ta yau, kuma ba za a ce ba su da dalili ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO, wadda ta yi shekaru tana wa'azin 'yancin zirga-zirgar mutane da kaya, ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun wajen kashi 70 na lantarkinta daga gare ta, har da layin da ke tasowa daga Katsina ta Gazawa yana ba Maraɗi. Magani da abinci suka maƙale a hanya. Wanda aka yi wa haka in ya ce ya fita daga ƙungiyar, kamar yadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar a Janairu 2024 suka kuma tabbatar a Janairu 2025, ba za a kira shi marar hankali ba. Sai dai fushi, ko da na gaskiya ne, ba ya ƙara yawan masu sayen mota. Waɗannan ƙasashe uku na ƙawancen AES mutanensu sun kai wajen miliyan 70, dukkansu ba su da teku, kuma daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar ƙasa da kilomita 100 ce, zuwa Bamako kuwa ta kwanaki. Abin da takunkumin ya tona shi ne tsohuwar yarjejeniyar ta bar wa mai ƙarfi damar mayar da hanya da wuta makami, kuma gyaran wannan a rubutu yake, ko a cikin ƙungiyar ko a wata sabuwar amana tsakanin Yamai da Abuja. Dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, zai iya kwaso sassan mota daga nan zuwa kudu kamar yadda zai iya kawo kayan da aka gama daga can. Amma masana'antar haɗa mota ba ta tara sassan da suka wuce na 'yan kwanaki, in waya ba ta iso ba layin gaba ɗaya tsayawa yake yi. Iyakar Jibiya an rufe ta a Agusta 2019 ba a buɗe ba sai Afrilu 2022, aka sake rufe ta a Agusta 2023 har zuwa Maris 2024, wato sama da shekara uku a cikin biyar. Duk mai jarin da aka ce ya kafa wurin harhaɗa wayoyi a Maraɗi don ciyar da Kaduna, waɗannan ranaku zai fara dubawa, kuma zai nemi ya ga sakin layin da ya hana a maimaita su kafin ya sayi fili.